Nepal: An Kai Mulki Ƙauye, Saura Mai Nuna Yadda Ake Riƙe Shi

A shekarar 2017 mutanen Nepal suka fita zaɓen ƙananan hukumomi cikin zagaye uku, ranar 14 ga Mayu da 28 ga Yuni da 18 ga Satumba. Rabon su da irin wannan zaɓe tun 1997. Da aka gama ƙidayar ƙuri'u, fiye da mutum 35,000 ne suka samu kujeru a ƙananan hukumomi 753. A cikinsu akwai manoma da malaman makaranta da 'yan kasuwa da tsofaffin 'yan tawaye, akwai kuma dubban mata waɗanda ba su taɓa zama a kujerar hukuma ba, wasunsu ma daga ajin Dalit, wato mutanen da al'adar bambancin asali ta daɗe tana hana su shiga wurin ibada da ɗibar ruwa a rijiya ɗaya da sauran jama'a. Da yawa daga cikin sababbin shugabannin sun isa wurin aiki sun tarar babu ofis. Sai aka kama hayar gida, aka jera teburi biyu ko uku, aka kafa allo a ƙofa, aka ce ga gwamnati.

Kuma gwamnati ce ta gaske. Tsarin mulkin da aka ƙaddamar ranar 20 ga Satumban 2015 ya raba ƙasar zuwa matakai uku: tarayya, larduna bakwai, da ƙananan hukumomi. Bai bar ƙaramar hukuma a ƙarƙashin alfarmar lardi ba. Jadawali na takwas na kundin ya lissafa abubuwa 22 da suke nata ita kaɗai, ciki har da makarantun firamare da sakandare, kiwon lafiya na matakin farko, hanyoyin karkara, ruwan sha, kasuwanni, harajin gida da na fili, ƙungiyoyin gama kai, har da ba da izinin gidan rediyon FM. Tana da majalisar da ke yin doka, tana da kwamitin da ke sauraron ƙara. Kuɗinta yana zuwa mata kai tsaye daga baitulmalin tarayya. Mai karatu a Najeriya, inda sai a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu ba tare da ya bi ta hannun gwamnoni ba, zai fahimci girman abin da aka ba waɗannan mutane tun ranar farko.

Ba da sauƙi aka zo nan ba. Yaƙin 'yan Mao da gwamnati, daga 1996 zuwa 2006, ya ci rayuka wajen 17,000, kuma babban abin da ya hura wutarsa shi ne ƙorafin cewa Katmandu, babban birnin ƙasar, ta tattare komai. An kawar da sarauta a 2008. Girgizar ƙasar Afrilun 2015, wadda ta kashe kusan mutum 9,000, ita ta matsa wa jam'iyyu suka kammala tsarin mulkin da suka yi shekaru suna jan ƙafa a kansa. A lokacin yaƙin neman zaɓen 2017 akwai taken da ya karaɗe ƙasar, wai za a kai Singha Durbar kowane ƙauye. Singha Durbar ita ce tsohuwar fadar da ma'aikatun gwamnati suke a Katmandu, inda a da sai talaka ya yi tafiyar kwanaki a cikin duwatsu kafin takardarsa ta ga hasken rana.

Abin da taken bai faɗa ba shi ne, fada ba gini ba ce kawai. Akwai akanta da ya san lambar kowane kashi na kasafi, akwai injiniya da ya iya ƙiyasta kuɗin kwalbati, akwai mai rubuta doka da ya san inda ikonsa ya tsaya. Waɗannan ba su biyo mulkin zuwa ƙauye ba, ko kuma sun biyo shi a makare, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje.

Shekara goma sha biyar babu mai koya wa wani

Wa'adin zaɓaɓɓun majalisun ƙauyuka ya ƙare a 2002, ba a sake zaɓe ba. Daga nan har 2017 ma'aikatan gwamnati ne suke riƙe da ƙauyuka, sakatare ɗaya kan haɗa ƙauyuka da yawa, sau da yawa ma yana zaune a hedikwatar gunduma saboda tsoron yaƙi. Na ɗan wani lokaci an kafa kwamitocin wakilan jam'iyyu su riƙa ba shi shawara, amma suka yi ƙaurin suna wajen raba kuɗin ayyuka a tsakaninsu har aka rushe su. Asarar da wannan giɓi ya jawo ta wuce ta kuɗi. A ko'ina cikin duniya, sabon kansila yana koyon aiki ne daga tsohon kansila, sabon magatakarda daga wanda ya gada. A Nepal wannan igiya ta tsinke. Waɗanda suka zo a 2017 ba su tarar da kowa a gabansu ba.

Kafin zaɓen ne kuma aka haɗe tsofaffin majalisun ƙauyuka fiye da 3,000 da na birane aka mai da su 753: manyan birane 6, matsakaita 11, ƙananan birane 276, da hukumomin karkara 460 da ake kira gaunpalika. An raba su zuwa mazaɓu 6,743. Kowace mazaɓa tana da shugaba da mambobi huɗu, biyu mata, ɗaya daga cikin matan kuma dole ta kasance Dalit. Doka ta ce duk jam'iyyar da ta tsayar da ɗan takarar shugaban ƙaramar hukuma da mataimaki, ɗayansu ya zama mace. Jam'iyyu suka bi harafin dokar suka bar ruhinta: maza suka ɗauki shugabanci, mata suka tafi mataimaka. A 2017 mata 18 ne kacal suka zama shugabanni, amma wajen kujerun mataimaka, fiye da kashi 90 cikin ɗari mata ne.

A nan ne abin ya ɗauki wani salo da jam'iyyun ba su yi lissafinsa sosai ba, domin kujerar mataimaki ba ta ado ba ce. Dokar Tafiyar da Ƙananan Hukumomi ta 2017 ta ɗora wa mataimakin shugaba jagorancin kwamitin kasafi da tsare-tsare, da sa ido kan ayyuka, da kuma shugabancin kwamitin shari'a mai mutum uku. Wannan kwamiti shi ke sauraron rikicin iyakar gona, da rabon ruwan ban ruwa, da ɓarnar amfanin gona, da albashin ɗan ƙwadago da aka hana, da ƙarar tsohon da 'ya'yansa suka ƙi kula da shi. Wasu batutuwan yana yanke hukunci a kansu, wasu kuma iyakarsa sulhu. A duba wannan da kyau. Mace ce da wataƙila jiya take jagorantar ƙungiyar adashin mata, yau ga maza biyu a gabanta suna jayayya kan taku uku na gona, ɗayansu babban mutum a jam'iyyarta. Dole ta san yadda ake karɓar ƙara a rubuce, yadda ake aika sammaci, kwana nawa doka ta ba wanda ake ƙara, da yadda za a rubuta hukunci wanda kotun gunduma ba za ta yi watsi da shi ba in an ɗaukaka ƙara. Kwana uku na bita ba za su ba ta wannan ba.

Bita a otal da zama a gefen teburi

Amsar farko da gwamnati da masu ba da tallafi suka kawo ita ce wadda kowa ya saba da ita: taron ƙara wa juna sani. A tara mutane a otal a Pokhara ko Nepalganj ko Surkhet, a haska rubutu a bango, a raba jaka da littafi da alawus, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Ba a ce ba ta da amfani sam ba, domin sabon shugaba yana bukatar a karanta masa doka ko da sau ɗaya ne. Amma wanda ya dawo daga bita yakan tarar da teburinsa yadda ya bar shi, da matsalar da ba a taɓo ta a otal ba. Ma'aikatar Harkokin Tarayya ta aika da samfurin dokoki don sauƙaƙa wa majalisu aiki, majalisu da dama suka kwafe su kalma da kalma suka amince, ba tare da duba ko sun dace da ƙasarsu ba. Dokar da aka tsara da birni a zuciya ta je ta zauna a ƙauyen da ke can saman duwatsun lardin Karnali.

Daga nan aka fara karkata zuwa wata hanya, wato a tura gwani ya je ya zauna da ma'aikaci a wurin aikinsa, ya riƙa dawowa, su yi aikin gaske tare har hannun ma'aikacin ya faɗa. Fannin lafiya ne ya fi nuna yadda abin yake. Da aka miƙa asibitocin sha ka tafi ga ƙananan hukumomi, an buɗe sashen lafiya a kowace hukuma, kuma galibin waɗanda aka ɗora a kai ma'aikatan jinya ne da mataimakan likita. Sun iya allura da ɗinkin rauni da karɓar haihuwa. Yanzu an ce su tsara kasafin shekara, su sayi magani bisa dokar sayen kayan gwamnati, su duba aikin abokan aikinsu na jiya, su kuma kare bukatar sashensu a gaban shugaban da hankalinsa ke kan hanya da gada. Wani shirin ƙarfafa tsarin lafiya da hukumar USAID ta ɗauki nauyinsa daga 2018 a lardunan Karnali da Lumbini ya dogara sosai kan irin wannan rakiya, haka ma shirin tallafin fannin lafiya na Birtaniya ya zaɓi wasu ƙananan hukumomi ya zauna da su don gwada abin da zai yi aiki.

Ga yadda irin wannan ziyara takan kasance. Mai jagora, wato wannan gwani, ya iso, wani lokaci bayan tafiyar yini a mota da ƙarin sa'o'i a ƙafa. Ba ya buɗe jakarsa ya fito da darasi. Yakan tambayi shugaban sashen lafiya abin da ke kan teburinsa a wannan makon. A ce rahoton wata ne. Sai su buɗe rajistar asibitin tare, su gwada adadin da aka rubuta da biro da wanda aka shigar a manhajar DHIS2 da ƙasar ke tattara bayanan lafiya da ita. Su ga cewa matan da suka zo awon ciki na farko sun fi waɗanda suka dawo na huɗu nesa ba kusa ba. Mai jagora ba ya faɗin dalili, tambaya yake yi: daga wace mazaɓa aka fi samun waɗanda ba su dawo ba? Akwai rafi tsakaninsu da asibiti? Ungozoma tana kwana a wurin ko tana komawa gida? Daga amsoshin ne ma'aikacin da kansa zai fito da abin da zai nema a kasafi, ko ɗakin kwanan ma'aikaciya, ko kuɗin fita rangadi, ko taro da mata 'yan sa kai na lafiya, waɗanda Nepal ke da su wajen 50,000 kuma ta dogara da su tun 1988. Kafin baƙon ya tafi sai su rubuta abu biyu ko uku da za a yi, da sunan mai yi, da rana. In ya dawo bayan wata ɗaya ko biyu, daga wannan takarda za su fara.

Babu wani abin al'ajabi a ciki, haka ɗan koyo yake koyon ƙira a gaban maƙera, ƙarfe na wuta, maigida na gefensa. Amma akwai abubuwa guda biyu da nake ganin su ne ƙashin bayan nasarar. Na ɗaya, kunya tana raguwa. Mutumin da ba zai ɗaga hannu a gaban mutum sittin ya ce bai gane bambancin kuɗin yau da kullum da kuɗin manyan ayyuka ba, zai faɗa wa mutum ɗaya da ya sha shayi da shi sau uku. Ga mambar mazaɓa 'yar Dalit, wadda aka saba miƙa mata takardar taro ta sa hannu bayan an gama yanke shawara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na biyu, koyon yana zuwa ne a kan lokacinsa. Shekarar kuɗi a Nepal tana farawa a tsakiyar Yuli, kuma ana so ƙaramar hukuma ta gabatar da kasafinta ga majalisa kusan ƙarshen Yuni, bayan ta bi matakai bakwai da suka bi ta taron unguwa da mazaɓa, har zuwa majalisa. Darasin kasafi da aka yi a watan Nuwamba ya shuɗe kafin a bukace shi. Wanda ya zo a watan Mayu ya zauna da kwamiti, shi ne ya taimaka.

Inda kuɗin ke zuba

Kuɗin ba kaɗan ba ne. Doka ta ware wa ƙananan hukumomi kashi 15 cikin ɗari na harajin VAT da harajin kayan da ake sarrafawa a cikin gida, larduna ma 15, tarayya 70. Akwai kuma tallafi iri huɗu daga tarayya, mafi muhimmanci su ne na daidaita arziki, wanda hukuma ke da 'yancin tsara yadda za ta kashe shi, da mai sharaɗi, wanda yake zuwa a ɗaure da aikin da Katmandu ta zaɓa. Duk wannan ana shigar da shi a manhajar lissafi mai suna SuTRA. Akantan da ke gaunpalika mai nisa yana fama da ita da intanet mai zuwa tana ɗaukewa, kuma kuskure ɗaya a lambar kashi yana iya hana a biya ma'aikata.

Kowace shekara Babban Mai Binciken Kuɗi yana fitar da rahoto mai ɗauke da abin da ake kira beruju, wato kuɗin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba ko babu takardun shaida, kuma ƙananan hukumomi suna da kaso mai tsoka a ciki. A nan ya kamata a yi adalci. Wani ɓangare na wannan rashin sani ne: an ba da kuɗin somin aiki ba a rufe lissafinsa ba, an sayi kaya ba a nemi farashi daga wurare uku ba. Wannan shi ne abin da zama a gefen teburi ke gyarawa, kuma yana gyara shi da sauri. Wani ɓangaren kuwa da gangan ne. 'Yan Nepal sun daɗe suna kuka da ci gaban buldoza, inda ake farfasa duwatsu a buɗe hanyoyi babu binciken injiniya, damina ta zo ƙasa ta zaftare ta rufe gonaki da gidaje, kuma an sha ba da rahoton cewa wasu zaɓaɓɓun shugabanni 'yan kwangila ne masu motocin tonon. Suna kuka da hasumiyoyin kallo da aka gina a kan tsaunuka alhali makarantu na bukatar gyara. Suna kuka da ci gaban watan Asar, wato rububin zuba kwalta a cikin ruwan sama a watan ƙarshe na shekarar kuɗi don kada kuɗi ya koma. Mai jagora ba ɗan sanda ba ne, kuma duk ranar da ma'aikaci ya ɗauke shi a matsayin mai leƙen asiri, aikinsa ya ƙare. Wanda ya san ƙa'ida ya take ta, maganinsa yana wajen mai bincike da kotu da masu jefa ƙuri'a. Ba daidai ba ne a ɗora wa koyarwa nauyin da ba nata ba, sannan a ce ta gaza.

Duk da haka, an ga ranar waɗannan hukumomi. Da annobar korona ta ɓarke a 2020, dubban ɗaruruwan 'yan ci rani suka kwararo gida daga Indiya, ƙananan hukumomi ne suka mai da makarantu wuraren killacewa, suka raba abinci, suka bi gida gida. An yi kurakurai, wasu wuraren sun cika maƙil babu ruwa babu ban ɗaki, amma da a ce annobar ta zo a zamanin sakatare ɗaya mai ƙauyuka da yawa, da abin ya fi haka muni. Yau dattijo yana karɓar kuɗin tallafin tsofaffi ta hannun hukumarsa, ana rajistar haihuwa da aure da mutuwa a ofishin mazaɓa.

Wanda aka koya wa ya tafi

Babban abin da ke cin wannan aiki ta ƙasa shi ne canjin wurin aiki. Babban jami'in gudanarwa na kowace ƙaramar hukuma ma'aikacin tarayya ne, Katmandu ke turo shi, ita ke ɗauke shi, wani lokaci kafin ya gama sanin sunayen mazaɓu. Hukumomi da yawa sun yi watanni suna tafiya da muƙaddashi. A 2019 an yi dokar rarraba ma'aikata tsakanin matakan gwamnati uku, amma da yawa sun yi ta neman hanyar zama a birni, kujeru a wurare masu nisa suka zauna babu kowa. Dokar aikin gwamnatin tarayya, wadda ita ce za ta fayyace wa ke ɗaukar wa, wa ke ƙara wa wa girma, ta yi shekaru tana yawo a majalisa. Malaman makaranta kuwa sun cika titunan Katmandu a 2023 da 2025, kuma cikin manyan bukatunsu akwai kada a bar makomarsu a hannun ƙananan hukumomi. A irin wannan yanayi mai jagora zai yi shekara yana raino, ya dawo wata rana ya tarar da sabuwar fuska a kan teburin. Shi ya sa waɗanda suka fahimci aikin ba sa rainon mutum ɗaya. Suna haɗa shugaban sashe da mataimakinsa da akanta, suna kuma matsawa a rubuta yadda ake yin kowane aiki a ajiye a ofis.

Sai kuma tambayar wa ke biyan mai jagora. Akasarin wannan aiki da kuɗin waje aka yi shi. Ko babban shirin gwamnati na tallafa wa mulkin larduna da ƙananan hukumomi, wanda aka fara a 2019, ya samu gudunmawar Birtaniya da Norwe da Suwizalan da Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya. Da gwamnatin Amurka ta rufe USAID a 2025, ayyuka da dama a Nepal sun tsaya cak. Rakiya tana da tsada in an gwada ta da bita: mutum ɗaya ba zai iya bin hukumomi da yawa ba, ga kuɗin mota, ga kwanakin tafiya, kuma ba ta ba da adadi mai daɗin rubutawa a rahoto kamar an horar da mutum dubu. A ganina duk da haka ita ce mai arha, domin kuɗin da aka kashe kan darasin da aka manta, asara ce tsantsa.

Nepal tana da kayan da za ta riƙe abin da kanta in ta so. Larduna sun kafa cibiyoyin horar da ma'aikata. Akwai ƙungiyar hukumomin birane da ta hukumomin karkara, waɗanda suka san wace hukuma ta iya tara haraji, wace ta iya tafiyar da kwamitin shari'a, kuma za su iya haɗa mai ƙarfi da mai rauni. Akwai tsarin da kowace hukuma ke auna kanta da shi duk shekara, wanda zai iya nuna wa mai jagora inda zai fara. Sama da duka, yanzu akwai abin da babu shi a 2017: mutanen da suka yi wa'adi ɗaya ko biyu suka ga jiya suka ga yau. A zaɓen Mayun 2022 adadin mata mataimaka ya ragu saboda ƙawancen jam'iyyu, inda jam'iyya ɗaya kan kawo shugaba namiji, ɗayar ta kawo mataimaki namiji. Ɗaruruwan matan da suka yi shekara biyar suna sauraron ƙara da haɗa kasafi suna nan a garuruwansu. Zaɓen ƙananan hukumomi na gaba zai zo a 2027 bisa wa'adin shekara biyar, kuma sababbin mataimakan da za su hau kujera a lokacin za su bukaci mai zama a gefensu ranar da aka kawo musu ƙarar gona ta farko. Lardin da ya ɗauki waɗannan mata ya ba su wannan aiki ba sai ya jira kuɗin kowa daga waje ba.